Yadda ake haɗa ukulele da ƙwarya a gida

A wayar ƙanena na fara ganin ukulele, wani dattijo na zaune bakin teku yana kaɗa ta. 'Yar ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu, tsawonta kamu ɗaya da 'yan yatsu, ana rungume ta a ƙirji kamar jinjiri. Sautin ya zauna mini a rai. Na neme ta a nan Garwa, arewacin Kamaru, ban dace ba, sai na ce bari in gwada haɗa tawa. Zuwa yanzu guda biyar na yi a tsakar gidanmu, bayan la'asar da ranakun Lahadi. Ta farko ta tsage, ta biyu ta ƙi daidaita, ta uku ce ta fara magana yadda nake so, kuma hanyar ta ukun nan zan shimfiɗa maka.

Asalinta daga tsibiran Hawayi ne. A watan Agusta na 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga Madera, tsibirin ƙasar Fotugal, a Honolulu, sun zo aikin gonakin rake. Cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda suka riƙa ƙera irin ƙananan jitocin garinsu da icen da suka tarar a wurin, wato icen da ake kira "koa", ɗan dangin su bagaruwa. Sarki Kalakaua ya so ta, ya shigar da ita fada, daga nan ta bazu. An fi fassara sunan da "ƙuma mai tsalle". Abin da na riƙe a labarin nan shi ne mutanen da icen ƙasar da suka sauka suka yi aiki. Mu kuma muna da ƙwarya, kuma kakanninmu sun daɗe da sanin tana riƙe sauti, ga gurmi ga garaya ga goge.

Ƙwaryar tana ɗauke maka aiki mafi wuya. A ukulele ta kanti, gefen jikin siraran katako ne da ake lanƙwasawa da zafi da tururi, kuma a nan sabon hannu ke karya katako har ya gaji ya bari. Ƙwarya Allah ya riga ya lanƙwasa ta.

Kayan da za ka tara

Ka nemi ƙwarya mai faɗin baki santimita 20, zurfi 7 zuwa 8, kauri akalla milimita 5. Ka ɗaga ta sama ka duba rana ta cikinta ko akwai hujin ƙwaro, ka ƙwanƙwasa ta da gaɓar yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, mai ɓoyayyen tsagu kuwa za ka ji muryarta a dishe. Wadda gyartai ya taɓa ɗinkewa ka bar wa masu fura, ba ta wannan aikin ba ce.

Sai katako iri uku. Na wuya: maɗaci ko safeli, tsawon santimita 60, faɗi 6, kauri 4, mai miƙaƙƙen zare ba gaɓa. Na fuska, wato murfin da zai rufe bakin ƙwaryar: ayus ko safeli da aka fere ya koma milimita 2.5. Wannan ka kai wa kafinta mai inji ya rage maka, ka ƙarasa da sanfefa. In ya gagara, filawud mai milimita 3 zai yi, sai dai muryarsa ba ta kai ba. Na ukun icce ne mai tauri sosai, kamar ƙirya ko iroko, na allon yatsu (wanda ake danna tsirkiya a kansa), da jaki (wanda ke tallafe tsirkiyoyi a kan fuska), da kunnuwa (na jan tsirkiya).

Ragowar: farin gam na kafintoci, sufa gulu, sandar tagulla ta masu walda mai kaurin milimita 1.5, ɗan guntun ƙashin ƙafar saniya daga wurin mahauta, igiyar kamun kifi, da tsohon tub ɗin babur da za ka yanka tsiri-tsiri, shi ne zai zame maka abin matsewa. Kayan aiki kuwa zarto mai ƙananan haƙora, zarton ƙarfe, magagari, wuƙa mai kaifi, abin huda, sanfefa mai kaushi da mai laushi, fensir, da rula ta ƙarfe mai nuna milimita. Kada ka yi awon nan da tef ɗin tela, yana miƙewa.

Bari in tsaya a kan katako, don a nan na yi asarar farko. Yawancin katakon kasuwanninmu na arewa daga dazukan kudu yake zuwa, wani ta jirgin ƙasa har Ngaundere, daga nan manyan motoci su hauro da shi, da damshin kudu a jikinsa. Na sayi ayus a watan Agusta, tsakiyar damina, mai sayarwa ya tabbatar mini ya bushe, na yi aiki da shi a makon. Da hunturu ya shigo a Janairu, wata safiya na ɗauko ta daga ƙusa na tarar fuskar ta dare daga baki har rami. Katakon da aka manne yana da ruwa, in iskar hunturu ta tsotse shi ya tsuke, ba shi da wurin zuwa sai ya tsage. Wanda aka manne a bushe kuwa, in damina ta zo ɗan kumbura kawai zai yi ya koma. Saboda haka ka yi aikinka tsakanin Disamba da Afrilu, kuma ka fi neman tsohon katako: ƙafar tsohon gado, tsohuwar ƙofa, karyayyar taɓarya. Allon yatsun wadda na fi so duka daga taɓaryar da gwaggona ta jefar na fitar da shi.

Ƙwarya da wuya

Ka kankare cikin ƙwaryar tas da cokali da sanfefa, a waje, da takunkumi a hanci, don ƙurarta tana shaƙe mutum. Sannan ka manna sanfefa mai kaushi a kan gilashi ko wani shimfiɗaɗɗen allo, ka kifa ƙwaryar kana juyawa har bakin ya daidaita. Yadda za ka gane: ka zagaye bakin da fensir, ka goga, in zanen ya goge ko'ina to ya yi. Bakin ƙwarya siriri ne, bai isa riƙe fuska ba, don haka ka yanka 'yan guntayen ayus kamar ƙwayar gyaɗa, ka jera su da gam a ciki kewaye da bakin, su kwana, gobe ka sake gogawa su zo daidai da shi.

Wuyan zai ratsa ƙwaryar ya fito ta ɗaya gefen, yadda sandar gurmi ke yi. Shi zai ɗauki jan tsirkiyoyin, wanda ya kai kilo 10 zuwa 15, ƙwarya ita kaɗai ba za ta jure ba. Ka raba katakon da fensir kamar haka: santimita 12 na farko kai ne, inda kunnuwa za su zauna, sai rabin santimita na matashi, wato ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa tsakanin kai da wuya, sai santimita 20 na wuya, sai 20 da za su shige cikin ƙwarya, sai wutsiya ta santimita 2 da za ta leƙo waje. Ka yanke abin da ya rage.

Akwai dalilin da ya sa na ce wuya 20. A ukulele ta kanti jiki na haɗuwa da wuya a ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ake jerawa a gicciye a kan allon yatsu, santimita 16.5 daga matashi, domin jikinta dogo ne. Ƙwarya zagayayyiya ce. In ka bi wancan awo, jaki zai faɗo dab da bakin ƙwarya inda fuska ba ta motsi, sautin ya fito a shaƙe. Da wuya 20, jaki zai zauna kusan santimita 13 daga bakin sama, 7 daga na ƙasa, wurin da fuskar ke rawa sosai.

Ka zaftare kan ya kwanta baya kaɗan, kaurinsa ya tsaya milimita 12. Faɗin wuya milimita 35 a wurin matashi, ya buɗe a hankali zuwa 45 a ƙarfe na 12. Bayansa ka zagaye shi da magagari har ya zauna a tafin hannu, amma ka bar saman a shimfiɗe, kada ka taɓa shi. Ɓangaren da zai shiga ƙwarya ka rage faɗinsa zuwa santimita 2.5, sannan ka ƙwaƙule samansa zurfin milimita 12, ka bar santimita ɗaya da rabi a kowane ƙarshe ba ƙwaƙula. Wannan ramin shi ke hana sandar taɓa fuska. In ta taɓa, kamar ka ɗora hannu a kan fatar kalangu ne.

Yanzu ka yanka gurbi biyu masu fuskantar juna a bakin ƙwarya, wuyan ya zauna ciki samansa daidai da bakin. Ka yanka ƙasa da yadda kake buƙata, ka riƙa buɗawa da magagari kana gwadawa, don ƙwarya ba ta son a tilasta mata. Ya shiga ba girgiza, sai gam. In akwai ɗan gibi, ka kwaɓa garin katako da gam ka cike.

Fuska

Ka kifa ƙwaryar a kan katakon fuska, zaren katakon yana bin tsawon wuya, ka zana, ka yanka da rarar milimita 3 a kewaye. Baba kafinta na unguwarmu ya koya mini a riƙe irin wannan katako da yatsa biyu kusa da baki, a kai kunne, a ƙwanƙwasa tsakiya. In ya yi amo mai ɗan ja, ya isa. In ya ce "ƙwas" ya tsaya, da sauran kauri.

Tunda sanda ta bi tsakiya, ramin sauti sai ya koma gefe. Ni rami biyu nake yi, kowanne faɗin santimita 2.5, dama da hagu a ɓangaren da ke kusa da wuya. Ta ciki kuma ka manna haƙarƙari ɗaya a gicciye, daidai ƙarƙashin inda jaki zai zauna: faɗi milimita 6, tsayi 8, bakinsa biyu a zaftare. Ya bushe, sai ka shafa gam a bakin ƙwarya da wurare biyun nan na sandar da ba ka ƙwaƙule ba, ka ɗora fuska, ka naɗe da robar tub ta ko'ina. Da sassafe ake wannan. A zafin Maris na Garwa, farin gam yana yin fata kafin ka gama shafawa. Ka bar ta kwana ɗaya cur a inuwa, sannan ka gyare rarar da wuƙa da sanfefa.

Allon yatsu, inda aikin yake

Duk abin da ya gabata yana karɓar ɗan kuskure. Ƙwarya ta ɗan karkace, rami ya ɗan fi girma, ba komai, za ta yi sauti. Wannan ɓangaren ne ba ya karɓa, don haka ka zo masa da natsuwa, ba ranar da kake sauri ba.

Ƙaramar ukulele, wadda ake kira sofrano, tsawon tsirkiyarta daga matashi zuwa jaki milimita 330 ne. Wurin kowane ƙarfe lissafi ne: ana raba tsawon da 17.817 a sami na farko, a cire, a sake raba abin da ya rage, haka har ƙarshe. Na yi maka lissafin. Daga bakin matashi, a milimita: na 1 a 18.5, na 2 a 36, na 3 a 52.5, na 4 a 68.1, na 5 a 82.8, na 6 a 96.7, na 7 a 109.8, na 8 a 122.1, na 9 a 133.8, na 10 a 144.8, na 11 a 155.2, na 12 a 165. Ka lura na 12 ya faɗo rabin 330 daidai. In naka bai faɗo nan ba, ka koma baya.

Kowane awo daga matashi ake ɗaukarsa. A wadda na yi ta biyu, daga ƙarfe zuwa ƙarfe na auna, ina matsar da rula kowane lokaci. Kuskuren rabin milimita a nan, rabi a can, suka taru, kafin in kai na 9 ya haura milimita 2. Ta yi kyau a ido, amma ko yaya na ɗaure tsirkiya, da zarar yatsa ya hau sama sai sautin ya kauce, kuma ba gyara sai ɓamɓare allon. Ka ɗaure rular a jikin allon da salatif kada ta motsa, ka yi alamun goma sha biyun a zama ɗaya, da bakin wuƙa, don layin fensir kansa ya kai rabin milimita.

Allon ya zama tsawon santimita 20, kauri milimita 6. Ka yi alamun da yankan tun yana da kusurwa huɗu daidai, kafin ka tsuke shi ya bi siffar wuya, don layukan su tsaya a miƙe. A kan kowace alama ka ja zarton ƙarfe sau uku ko huɗu, ɗan kwari kawai wanda zai haɗiye kashi ɗaya cikin uku na sandar tagulla, kuma zurfin ya zama ɗaya a duka. Ka tsuke allon, ka manna shi a wuya da gam da roba, ka tabbata tsakiyarsa ta yi layi da tsakiyar wutsiya. Zare ɗaya da ka ja daga kai zuwa wutsiya zai nuna maka. Washegari ka yanka tagullar guntu-guntu, ka ɗiga sufa gulu a kwarin, ka danna kowanne da bayan cokali. Ka goge bakunansu da magagari har ka shafa yatsa a gefen wuya ba ya karce ka.

Sai ka kwantar da gefen rula a kan ƙarafa uku-uku. In ta yi lilo, na tsakiya ya fi tsayi. Ka shafa wa kawunansu baƙin maka, ka naɗe sanfefa mai laushi a shimfiɗaɗɗen katako ka bi kansu a hankali har baƙin ya goge a duka.

Matashi, kunnuwa da jaki

Ƙashin ka dafa shi da ɗan omo ya saki mai, ka shanya kwana biyu. Ka yanka guntu mai tsawon milimita 35, kauri 5, ya jingina da ƙarshen allon. Ka yi masa tsagu huɗu, tazarar milimita 9 tsakaninsu. Ɗigon gam ɗaya ya ishe shi, don wata rana za ka so cire shi.

In ka sami kunnuwan tsohuwar jita na ƙarfe, ka ɗauki huɗu ka huta. In babu, ka fere na ƙirya, tsawon santimita 6, masu tsukewa a hankali, ka huda kai, ka buɗe ramin da wutsiyar magagari ya bi siffarsu. Kunnen da ke zamewa a shafa masa alli, wanda ya cije a shafa masa busasshen sabulu.

Jaki guntun ƙirya ne mai tsawon santimita 6, tsayi milimita 12 a farko, ƙasansa da faɗi samansa a tsuke, da ƙananan tsagu huɗu masu tazarar milimita 13. Ba a manna shi. Tsirkiyoyi ne ke danne shi, kamar jakin garaya, kuma wannan zai yi maka rana nan gaba kaɗan. A wutsiya ka huda ramuka huɗu na ɗaure tsirkiya, ka manna 'yar fata a bakin fuska inda za su bi, kada su ci katakon.

In kana son zane, kafin ɗaure tsirkiya za ka kai ƙwaryar wurin masu zanen wuta, ka roƙe su kada ƙarfen ya nutse. Banish kuma shafi biyu marasa kauri, ban da allon yatsu. Mai yawa yana danne murya.

Tsirkiya da daidaitawa

Igiyar kamun kifi ba ta wuyar samu a garin da ke bakin Binuwai, ga masuntan Lagdo kusa. Ka sayi kauri huɗu na nailan. In ka rungume ukulelen, daga sama zuwa ƙasa: milimita 0.70, sai 0.90, sai 0.80, sai 0.60. Sautinsu sol, do, mi, la, wanda manhajar daidaita sauti ta waya za ta nuna maka da G, C, E, A. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ta sama ba ita ce mai kaurin murya ba, ta biyu ce, kuma wannan ne ke ba ukulele zaƙin nan nata.

Ka ajiye jaki milimita 332 daga matashi. Biyun da aka ƙara na miƙewar da tsirkiya ke yi ne in an danna ta. Ka ɗaure, ka ja a hankali. Tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12 ta zama milimita 2.5 zuwa 3. In ta fi haka, ka cire jaki ka goge ƙasansa, kuma ka sani duk milimita 2 da ka rage a jaki, 1 ce ke raguwa a ƙarfe na 12. A wurin matashi kuma, ka danna tsirkiya a ƙarfe na 3 ka duba na 1: takarda ɗaya ta iya shiga tsakani da ƙyar. In gibin ya fi haka, ka zurfafa tsagun kaɗan-kaɗan. In ka wuce, tsirkiya za ta riƙa zuza, sai ka cike da garin ƙashi da sufa gulu ka sake.

Yanzu gwajin gaskiya. Ka kaɗa tsirkiyar la a sake, sannan ka danna ta a ƙarfe na 12 ka kaɗa. Manhajar ta nuna A duka biyun, allurar a tsakiya. In na dannawa ya haura, ka tura jaki baya wajen wutsiya. In ya gaza, ka jawo shi wajen wuya. Ka maimaita da tsirkiyar do. Sau da yawa jakin zai ƙare a ɗan karkace, ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri ya fi ja baya, kuma daidai ke nan. Ka zagaye ƙafarsa da fensir don ranar da za ka canja tsirkiya.

Kwanakin farko za ta riƙa saki, ka ɗaure da safe ka tarar ta sauka da azahar. Halin nailan ne, yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya zauna. Ka rataye ta a ɗaki nesa da taga, kada ka bar ta a rana ko cikin rufaffiyar mota, zafi yana sassauta farin gam.

Yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, kuma tsirkiyoyin nan a sake sun riga sun ba ka huɗu: do, mi, sol, la. Na biyar, wato re, yana ƙarfe na 2 a tsirkiyar do. Da waɗannan kaɗai ka fara laluben waƙar daka ko ta reno da ka taso kana ji a gida, da babban yatsa, tsirkiya ɗaya-ɗaya. In hannu ya saba, ka ɗora yatsa a ƙarfe na 3 na tsirkiyar ƙasa ka share huɗun gaba ɗaya, wannan shi ne haɗin do, daga shi sai ka nemi fa: ƙarfe na 2 a tsirkiyar sama, na 1 a tsirkiyar mi.